Gawo Goma Sha Bakwai

Rediyo ta ce bana damina za ta yi sammako.
Ta faɗa da Faransanci, ta maimaita da Hausa,
har da ranar wata.
Na kwance tiya shida na irin da Tsahara ta ɓoye a tulu,
na yi binne a jigawar yamma da Kance.
Aka yi yayyafi ɗaya, bai kai ya jiƙa bayan jaki ba.
Hatsi ya leƙo, ya ga rana, ya kwanta.
Kwana ashirin da uku
sama kamar an share ta da tsintsiya.
Na kasa kunne ko za a ce mana a yi haƙuri.
Kiɗa aka saka.

Shamuwa ba ta iso ba a lokacin.
Na lura, na kau da kai,
don an ce tsuntsu bai yi boko ba.

Shekara uku ke nan da farar mota ta zo daga Damagaram.
Yaro mai tabarau, ɗan Manzo Tela,
wanda na ci goron sunansa,
ya ɗaura wa gawona igiyar awo
kamar zai ɗinka masa riga.
Ya ce itacen nan hayaƙin ƙasashen nesa yake sha,
kuma masu hayaƙin za su biya.
Na dangwala yatsa a takarda.
Har yau kuɗin hayaƙi
bai bar halin ubansa ba.

Ya ce nan da shekara talatin
rairayi zai shigo kasuwar Matamai.
Na ce, yaro, ina da ƙuruciya wani ya zo da wannan magana,
shi ma da mota, shi ma da taswira.
Lokacin gonar nan kan ungulu ce,
in ka tsaya nan kana hango mai tafiya a Dan Barto.
Ba taswira ta tsayar da iska ba.
Mu ne muka riƙa kewaye toho da hauya,
muka hana wa awaki, muka hana wa kanmu.
Goma sha bakwai ne yanzu. Na san kowanne
kamar yadda na san tarin 'ya'yana cikin dare.

Da bazara ta matse, tunkiya ta fara cin tsumma,
na hau na sassare reshe biyu.
Kafin la'asar ga ɗan gandun daji a kan babur.
Jika biyar.
Na ce wa ya raini itacen?
Ya ce doka ba ta tambayi wannan ba.
Ya rubuta takardar tara a inuwar gawon,
yana cewa kai, wurin nan da sanyi.

Kada a ce Nomau ya musa.
Rijiyar da ubana ya haƙa gaba goma sha biyu
yau sai an ƙulla wa guga igiya ta biyu.
Zafin bana ya kashe mini kaji a cikin akurki.
Wani abu ya goce a sama, na yarda,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Abin da ban gane ba,
yadda mai ganin shekara talatin
ya kasa ganin jibi,
kuma in ya yi kuskure, rumbuna ke biya.

Jiya shamuwa ta sauka a tsamiyar masallaci.
Gawo ya soma zubar da ganye.
Na ranto tiya huɗu wajen Ɗan-Jimo, zan biya shida da kaka.
Rediyo na rataye a reshe, tana ta bayani.
Ban kashe ta ba.
Na dai rage mata murya
don in ji ta ina iska ke tasowa.